Shuka Sure A Gida: Ga Miya, Ga Abin Sha, Ga Kuɗi

Wannan jawabi ne da Editanmu ya yi wa ɗaliban azuzuwan manya na Jega da Aliero da Maiyama, maza da mata, gab da faɗuwar damina. Mun buga shi don amfanin waɗanda ba su samu zuwa ba.



Iyayenmu masu ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Iyayena mata, 'yan uwana maza, malamai da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Na san wasu sun bar sharar gona, wasu sun bar tukunya a kan wuta. Saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba.

Yau maganata a kan sure ce. Mu nan sure muke cewa. Mutanen Kano da Zariya su ce yakuwa. Idan ta yi fure ta ɗaura jan kai, shi ne zoɓo ko zoɓorodo. 'Ya'yan da ke ciki kuwa su ne gurguzu. Duk tsiro ɗaya ne.

Na ga wasu suna murmushi. Watakila suna cewa a ransu, yau Malam ya tara mu a kan abin da ke fitowa a gefen gona ba wanda ya kula da shi. To, wannan rainin shi ne ya kawo ni. A watan azumi na zaga kasuwar Jega. Na ga matan garin nan suna kwance bakin zane suna auna zoɓo. Da rani kuma na ga ana sayen busasshen ganyen sure don miya. Da yawa cikin masu sayen nan suna da fili a bayan ɗaki wanda ba a yin komai da shi sai zuba shara. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da nake roƙo shi ne, bana kowane gida ya shuka sure gindi 20 a cikin gida, kuma ya shuka da wuri.

Me sure take bayarwa?

Tana ba da abu huɗu.

Na farko ganye. Da shi ake fate da miyar taushe da kwaɗo. Yana zuwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin cefane ya yi wuya.

Na biyu zoɓo. Ja na sha ne, fari kuma na miya. Idan ya bushe da kyau yana kaiwa wata damina bai lalace ba.

Na uku gurguzu. Shi ne iri, kuma da shi iyayenmu mata suke yin daddawar batso.

Na huɗu kara. Ana sale ɓawonsa a tufka igiya, sauran kuma a hura wuta.

Ku sani ba mu kaɗai muke shan zoɓo ba. A Sudan da Masar suna kiransa karkade. A Senegal suna cewa bisap, a Gana kuma sobolo. Ƙasar Meziko, can kusa da Amurka, tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Nijeriya. Manoman Jihar Jigawa sun daɗe da gane haka. Suna noma shi gona guda, 'yan kasuwa su tara a Maigatari da Kano, a ɗora a jirgin ruwa. Ƙasar jigawa da suke da ita, irinta muke da ita a tudun Aliero da Maiyama. Amma yau ba maganar babbar gona nake yi ba. Mu fara daga gida tukuna.

Lokacin shuka

Wannan shi ne kan maganar, don haka ku ba ni kunnuwanku.

Sure tana da wata ɗabi'a. Ba ta ƙirga kwanakin da ta yi a ƙasa kafin ta yi fure. Tsawon dare take bi. Daga ƙarshen watan Yuni rana kan fara raguwa kaɗan kaɗan, dare yana ƙaruwa. Idan aka kai wajen Satumba zuwa Oktoba, daren ya yi tsawon da take so, sai ta fara fure. Babba ce ko ƙarama, fure za ta yi.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya shuka a watan Yuni, surensa tana da wata uku na girma. Za ta kai ƙirjin mutum ko ta fi, ta yi rassa da yawa. Kowane reshe kuwa zoɓo ne jere. Wanda ya bari sai ƙarshen Agusta, tasa za ta yi fure tana iya gwiwa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Wata shekara aiki ya sha mini kai, ban shuka ba sai da marka ta wuce. Na zuba taki, na yi ban ruwa da bokiti safe da yamma. Duk da haka abin da na tsinka bai cika kwano ɗaya ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan darni ta yi dariya. Ta ce, "Ɗana, sure ba ta jiran mai boko. Ranar da aka shuka gero, ranar ake jefa ta." Gaskiyarta. Da sanyin safiya ake kama fara.

Saboda haka idan ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu sosai, ku shuka. A nan ƙasarmu, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli shi ne lokaci. Tun da yanzu kun iya rubutu, kowa ya rubuta ranar da ya shuka a bayan littafinsa. Baɗi zai yi muku amfani.

Wurin shuka

Ku nemi wurin da rana take samu tun safe har la'asar. Ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro bai dace ba. A inuwa sure tana yin tsawo siririya, ba ta ɗaura kai.

Ku nemi wurin da ruwa ba ya kwanciya. Sure tana jure ƙarancin ruwa, don saiwarta tana nutsawa ƙasa. Amma idan ruwa ya kwana biyu a gindinta, saiwar takan ruɓe, ganye ya yi yaushi, ta mutu. Mutanen Jega na kusa da Gulbin Zamfara, masu ƙasar laka, ku tayar da kunya mai tudu ku shuka a kai. Kada a shuka a bakin makwararar wanka, ko kusa da masai. Abin da za a ci ne.

Akwai wani sabon abu kuma. Yanzu gidaje da yawa suna da fitilar sola mai kwana a kunne. Kada ku shuka sure daidai ƙarƙashinta. Na gaya muku dare take bi. Idan haske ya kwana a kanta, yana iya jinkirta furenta.

Sannan kada ku shuka ta inda aka yi kuɓewa ko rama ko auduga bara. Dukkansu dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, ƙwarinsu ɗaya. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Tana zama cikin ƙasa tana jiran shuka ta gaba. Haka ma wurin da aka yi tumatir. Ku canja wuri kowace shekara.

Abu na ƙarshe shi ne shinge. Akuya ba ta da kunya. Kafin ku jefa iri, ku kafa darni ko ku kewaye da ƙaya. Wanda ya shuka bai kewaye ba, awakin unguwa ya yi wa noma.

Yadda ake shuka

Ku kaftu wurin da hauya. Ku zuba ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, ku gauraya da ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro, sai wanda ya kwana biyu ya huce.

Ku zaɓi iri. Ku zuba gurguzu a ruwa, wanda ya taso sama ku zubar. Wanda ya nutse ku bar shi ya kwana a jiƙe, don ya yi saurin fitowa.

Ku yi rami mai zurfin gaɓar yatsa ɗaya ko ɗaya da rabi. Ku jefa ƙwaya 3, ku rufe. Tsakanin rami da rami a bar taki ɗaya na babban mutum, wato kusan mita 1. Layi 4, kowane layi rami 5, kun sami gindi 20 ke nan. Filin bai fi girman ɗaki ɗaya ba.

Cikin mako ɗaya za ta tsiro. Bayan mako 2 zuwa 3 sai ku rage, ku bar ɗaya mai ƙarfi, ko biyu. Waɗanda kuka cire kada ku yar, miyar ranar ce.

Ga wata dabara. Ku ware ɗan wuri dabam, ku yafa iri a matse kamar yadda mutanen Aliero suke yafa irin albasa. Wannan na ganye ne, ku yi ta tsinka. Gindi 20 ɗin nan kuwa na zoɓo ne, a rangwanta musu. Dalili shi ne, ganye shi ne ke ciyar da fure. Idan aka tsige ganye da yawa, zoɓon zai zo ƙanana.

Kula da ita

Wata na farko shi ne na aiki. Sure tana tafiya a hankali tana ƙarama, ciyawa tana iya danne ta. Ku yi noman firi, ku yi maimai. Daga nan ita da kanta za ta rufe ƙasa.

Idan ta kai gwiwa, ku tsinke kan tohon sama da farce. Wannan zai sa ta fitar da rassa ta gefe. Yawan rassa, yawan zoɓo.

Kada ku cika mata takin zamani, musamman fari mai kama da gishiri, wato yuriya. Yana sa ganye ya yi yabanya, fure ya yi kaɗan. Takin gida ya ishe ta.

Za ku ga wasu ƙananan ƙwari masu tsalle suna huda ganye kamar rariya. Su ne dai masu cin ganyen kuɓewa. Ku barbaɗa tokar murhu da sassafe, lokacin da raɓa ba ta bushe ba. Ko ku daka 'ya'yan dogon yaro, ku jiƙa su kwana, ku tace, ku yayyafa da yamma. Akwai kuma jan ƙwaro mai bin auduga, yana zuwa lokacin da gurguzu ya fara nuna. Ku kakkaɓe shi cikin bokitin ruwan sabulu.

Ina jan kunnenku, kada wanda ya ɗauko ragowar maganin feshin shinkafa ko na albasa ya fesa wa suren gida. Yara suna tsinka su ci ɗanye. Mai girki tana tsinka ta jefa a tukunya nan take.

Fure da tsinka

Furen sure kyakkyawa ne, mai ruwan ɗorawa fari-fari, cikinsa ja. Yana buɗewa da safe, kafin dare ya yanƙwane. Kwana ɗaya ne rayuwarsa. Idan ya faɗi kada hankalinku ya tashi. Jan ƙoƙon da ya riƙe furen shi ne zai kumbura ya zama zoɓo.

Bayan mako 2 zuwa 3 da faɗuwar fure, zoɓo ya isa tsinka. Za ku gan shi ya cika, yana sheƙi, yana ƙaryewa ƙas. Ba ya nuna gaba ɗaya. Na ƙasa yake fara nuna, sannan na sama. Ku riƙa zagayawa kowane mako da wuƙa ko almakashi. Tsinka a kai a kai tana sa na sama ya ƙara girma.

Sai ɓara. A tsaga zoɓon ta gefe da wuƙa, a cire ƙwanson gurguzu. Wasu suna amfani da guntun bututun ƙarfe mai kaifin baki, su tura ta gindi, ƙwanson ya fito ta sama, zoɓon ya zauna bai fashe ba. Wanda bai fashe ba ya fi kyau a idon mai saye. Ƙwanson yana da ƙaiƙayi, saboda haka a shafa mai a hannu, kuma kada a sosa ido.

Shanya da ajiya

A nan ne mutane da yawa suke zubar da wahalarsu.

Kada a shanya zoɓo a ƙasa tsirara, ko a bakin kwalta. Yashi ya shiga, kaji su bi ta kai, awaki su yi fitsari. A shimfiɗa tabarma mai tsabta ko asabari, a ɗora a kan rumfa. A baza shi kada ya hau kan juna. A riƙa juyawa. Da yamma a kwashe saboda raɓa. Idan iskar hunturu ta fara, kwana 4 zuwa mako ɗaya ya isa. Alamar bushewa ita ce, idan ka matsa a hannu ya yi ƙara ya karye. Idan ya lanƙwashe, da saura.

Kada ku yi mamakin yadda zai ragu. Zoɓo kusan duk ruwa ne. Ɗanye kilo 10 ba ya ba da fiye da kilo 1 da ɗoriya idan ya bushe.

Ganye kuma a shanya shi a inuwa inda iska take bi, don ya riƙe launinsa da amfaninsa.

Idan ya bushe, a zuba a buhu mai leda a ciki, ko a tulu ko bokiti mai murfi, a rufe ruf. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Damshi shi ne ke kawo hunhuna. Zoɓon da ya yi hunhuna ba na sha ba ne, ba kuma na sayarwa ba ne.

Kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin buhu. Guba ce. A shekarar 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya saboda irin wannan maganin da aka samu ya yi yawa a ciki. Manoman da ba su ji ba ba su gani ba, su ma asarar ta shafe su.

Da kaka kowa yana da zoɓo, saboda haka yana araha. Mai haƙuri ya ajiye. Azumin shekarar 2025 ya zo ne a watan Maris, wata huɗu ko biyar bayan tsinka, ga zafi ya fara. A irin wannan lokaci ake neman zoɓo ido rufe. Uwargidan da ta ajiye nata ba za ta saya ba. Idan ta yi rara, ta sayar ta sayi sabulu da littafin yara.

Irin baɗi

Ku zaɓi gindi 2 ko 3 da suka fi kyau, masu manyan kai, masu jan da ya yi duhu. Ku ɗaura musu tsumma don kada a taɓa. Ku bar su har ƙwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Ku cire kafin ya tsage ya zubar da 'ya'yan. Ku sussuka, ku sheƙa, ku gauraya da toka, ku zuba a kwalba. Ku rubuta a jiki: ja ko fari, da shekara. Kada a haɗa su, don mai saye ba ya son gauraye.

Maganar lafiya

Ganyen sure da zoɓo suna da sinadarin bitamin C da wasu abubuwan gina jiki. Game da hawan jini kuwa, masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun buga wani bincike a shekarar 2010. Sun gwada mutum 65. Wasu sun sha kofi 3 na ruwan zoɓo kullum har mako 6, kuma jininsu ya sauka kaɗan fiye da na waɗanda ba su sha ba.

Ku lura, na ce kaɗan. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye shi ya ce zoɓo ya ishe shi. Mai ciwon suga ya tuna cewa zoɓon kasuwa cike yake da sukari. Mai juna biyu ta tambayi ma'aikaciyar asibiti ranar awo kafin ta riƙa sha da yawa. Kuma ƙwayar magani da ruwa ake shan ta, ba da zoɓo ba.

Masu yin zoɓon sayarwa, ku tafasa ruwan sosai. Ku wanke robobi da sabulu. Kada ku tsinci roba a bola ko a harabar asibiti. Wanda ya sha naku ya kwana lafiya, gobe zai dawo.

Tambayoyi

Wata baiwar Allah daga Maiyama ta ce gidansu haya ne, ba fili. Amsa: ki cika tsohon buhun siminti da ƙasa da taki, bayan kin wanke shi. Ki huda ƙasansa don ruwa ya fita. Gindi ɗaya a buhu ɗaya. Buhu 5 a jikin bangon da rana take bugu za su ba ki miya har kaka. Sai dai ki riƙa ba su ruwa idan sama ta ɗauke kwana biyu.

Wani dattijo daga Aliero ya ce ko ana iya yin ta da rani a gefen fangalin albasa. Amsa: Baba, ana yi, amma don ganye. Da hunturu dare yana da tsawo, za ta yi saurin fure tana ƙarama. Ganyen ɗanye kuwa da rani yana da kasuwa. Zoɓo sai na damina.

Wani saurayi daga Jega ya ce wannan ai aikin mata ne. Amsa: ƙanena, kafa darni da kaftu da ɗaukar taki aikin wa ne? Kai ka yi waɗannan, uwarka ko matarka ta yi sauran. Idan an yi faten, ba na jin za ka ce na mata ne.

Jama'a, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kowa idan ya koma gida yau, ya duba bayan ɗakinsa, ya share, ya kafa shinge, ya nemi gurguzu wurin maƙwabta tun bai ƙare ba. In Allah ya kai mu kaka, ina so kowane aji ya auna abin da ya samu, ya rubuto mana da hannunsa. Za mu buga a wannan jarida, har da na wanda tasa ba ta yi ba, don mu gane dalili tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.